Tabarau Biyar a Cikin Leda

"Umma, wai me ya sa duk 'yan ajinmu idonsu ya lalace rana ɗaya?"

Adila ce ta yi tambayar, 'yar shekara bakwai, tana laluben dokin ƙofa da ƙafa kamar mai tsallake kwata. Ramatu ta ajiye kifin da take jerawa a wajen banda, ta dubi 'yarta da sabon tabarau a fuska.

Sati biyu ke nan da wani kamfanin yin gilashin ido, wai shi Garau, ya buɗe reshe a Haɗejiya. Dabararsu ita ce gwajin ido kyauta a makarantun firamare. Gwajin kam kyauta ne, tabarau ne ba kyauta ba. Yara arba'in ne a ajin su Adila, kuma arba'in ɗin nan cif aka ce suna buƙata. Adila, yarinyar da take zura wa kakarta zare a allura, ita ce yanzu kullum ciwon kai, in ta buɗe littafi ido ya yi ta ruwa.

Washegari Ramatu ta bi gidajen maƙwabta ta aro tabarau huɗu na Garau, ta haɗa da na Adila. Kowanne ta ɗaura masa zare mai launi daban, ta zuba a leda, ta hau babur sai shagon.

Manajan, Abdulmannan, yana zaune ƙarƙashin wani zane mai kibiya da ta doshi sama.

"Hajiya, barka da zuwa. Kin ga kibiyar nan? Bara gilashi dubu goma muka yanka, bana dubu talatin. Mun gama da Auyo, mun gama da Malam Madori, sai Guri."

"Ashe makanta ce ta yi albarka bana," in ji Ramatu. "Malam, 'yata ba ta gani da abinku."

"Sabo ne. Ta daure, ido zai bi gilashi."

"Ido ne zai bi gilashi? To madalla." Ta juye ledar a kan tebur. "Sun cakuɗe mana. Tunda kowa da lambarsa, ga na'urarku can, ka ware mini na Adila."

Ya ɗauki wannan ya auna, ya ɗauki wancan. Ya buɗe wani littafi, ya rufe. Can ya miƙo mai jan zare, yana murmushi.

"Ga nata."

"Wannan na Baba Inuwa masunci ne, shekararsa saba'in. Da shi yake gyaran koma."

A cikin matan da ke jiran layi, ɗaya ta zare tabarau daga fuskar ɗanta.

Abdulmannan ya sassauta murya. "Hajiya, ni ma umarni nake bi. Lamba ɗaya ce masana'anta ta buga da yawa, aka ce a kwashe sito kafin ƙarshen shekara."

"Sai idon 'ya'yanmu ya zama siton ke nan. Allah ya isa, Malam."

Daga nan asibiti ta wuce da yarinyar, sashen ido. Likita ta duba, ta ce lafiya ƙalau idon yake, hayaƙin banda ne ke sa shi ja. Ta rubuta maganin ɗigawa, ta ce kada a sake sa mata tabaran. Kwana uku ciwon kai ya tafi.

Shagon Garau bai rufe ba. Ranar Litinin ma an ga motarsu ta ɗauki hanyar Guri, da lasifika a kai.

Ke da kike karanta wannan, in ɗanki ya dawo da takardar gwajin ido kyauta, kada ki ciro ko sisi. Ki kai shi wurin likitan da ba ya sayar da tabarau. In kika bari, ke za ki biya kuɗin, shi kuma ya biya da idonsa.