Leɓen Roba na Tsoho Dou

A filin da tsofaffi ke rawar safe a Changzhou aka fara raɗe-raɗin, wai Tsoho Dou, wanda zai auri Meizhen watan gobe, matan duniya yake sumbata ta waya.

Malama Lanfen, yayar Meizhen, ta tsufa tana koyar da kimiyya, ba ta cin tuwo da miyar "an ce". Amma ta san na'urar: leɓe ne na roba da ake maƙala wa waya, ka sumbace shi a nan, na masoyinka ya motsa a can, har da ɗumi. Meizhen ce ta sayo biyu da za ta tafi Chengdu renon jika, ta bar wa Dou ɗaya. Abin da ya ɓata lamarin, akwai maɓallin da ke haɗa mutum da baƙo, ko wane ne. Lanfen ta rantse in maganar ta tabbata, auren ya mutu.

Ta dira gidansa ba sallama, ta tarar yana ɓare tafarnuwa.

"Tsohon banza, fito da leɓen nan."

"Haba Malama, ko shayi ba za ki sha ba?"

"Leɓen!"

Ya miƙa hannu saman firji ya sauko da kwali. Ko ledarsa ba a yage ba.

"Tsoro nake ya fizge min haƙoran roba," in ji shi. "Don Allah kada ki gaya wa Meizhen. Kullum sai ta ce wai na iya, ni kuwa in ce na gode."

Lanfen ba ta gama sauka daga bene ba ta kira ƙanwarta.

"Ke, wa kike sumbata kullum da safe?"

"Dou mana, Yaya."

"Nasa na cikin kwali."

Aka ji kukan jariri daga can. Sannan Meizhen ta tuntsire da dariya.

"Tun ranar farko na gane. Dou da ko romo sai ya yi ta hurawa har ya huce? Ina ya ga wannan kuzari?"

"Marar kunya! To a fasa auren?"

"Wa ya faɗa? Akwai wanda ya kai shi iya dafa kifi?"

Dou bai taɓa sumbatar kowa ta waya ba. Meizhen ce ke danna maɓallin da ke haɗa ta da baƙi, kuma an yi bikin a ranar da aka sa.