Mijina Ba Ya Zuwa Lif

Ban yi boko mai nisa ba, amma kalmomin Turanci biyu na san su kamar yunwar cikina: of da lif.

Maigidana injin ɗaga kaya yake tuƙawa a wurin gini, can sama cikin wani ɗan akurkin gilashi. Shi ya bambance min su. Of hutun yini ne, ka wuni a gida, makullin injinka na aljihunka. Lif kuwa dogon hutun shekara ne, kuma ƙa'idar kamfaninsu sai ka ajiye makulli. In ka dawo, likita zai gwada idonka kafin a mayar maka.

Of kam ba ya wasa da shi. Lif ne dodonsa. Bara ya ce aiki ya yi yawa, bana ya bar wa abokin aikinsa. Aka yi ta yabonsa, wai namijin duniya. Namijin duniyar da ke tsiyaya shayi a gefen kofi ina kallo! Ran nan labule ya miƙa wa hannu, ya ɗauka maƙwabcinmu ne ya shigo.

Na ce, "Baban yara, idon nan fa."

Ya ce, "Hannuna ya san injin. Ko so kike mu ci ƙasa?"

Ina tsoron yunwa, ba zan ɓoye ba. Amma duk safiyar da ya fita, gabana faɗuwa yake har ya dawo.

Ana haka sai ga ƙanena da yamma, magidanci mai 'ya'yansa, baki har kunne.

"Yaya, an mayar da ni ƙarƙashin injin mijinki. Ni zan riƙa tsayawa a ƙasa ina ba shi alama."

"Wace irin alama?"

"Da hannu mana. In na ɗaga, ya tsayar da kaya. Ai yanzu abin tuwona maina."

Na dubi maigidan. Ya sunkuyar da kai, ya ce wai an sa wa miyar gishiri da yawa.

Washegari suna fita na yafa mayafi na bi bayansu. A bakin ƙofar wurin ginin na samu shugaban aikin, wani mai tumbi da jar hula ta kwano.

Na ce, "Ranka ya daɗe, mijina yana son lif. Yau ɗin nan."

Ya tuntsire da dariya. "Wancan? Ko da bulala ba ya tafiya. Shi ya aiko ki?"

Idona ya kai bayansa. Tarin rodi na saukowa daga sama a hankali, yana lilo. Ƙanena na tsaye a ƙasa, ya ɗaga hannu.

Ya ƙara ɗagawa, har da ɗage, yana kaɗawa.

Rodin bai tsaya ba.