Takardar Sallamar Dinatu

Dinatu ta hau matakalar ofishin tana haki, hannu ɗaya dafe da ƙugu, Malam Suleiman na ofishin ƙwadago yana biye da ita riƙe da fayil. Shekara bakwai tana buga tafireta a wannan kamfanin casar shinkafa na hanyar Lau, ko latti ba ta taɓa yi ba. Satin da ya wuce ta kawo takardar likita ta tafi hutun haihuwa. Kwana uku tsakani, sai ga masinja har gidanta a Majidaɗi da takardar sallama, wai har da tiya biyu ta shinkafa!

Manaja, Alhaji Maishanu, ya tarbe su da fara'a, ya sa aka kawo lemo. Shi fa har ransa gani yake alheri ya yi.

"Rubutunka ne wannan, Alhaji?" Malam Suleiman ya tambaya, yana nuna masa takardar sallamar.

"Da hannuna. Ai ban ɓoye komai ba. Na ce saboda juna biyun da take da shi, ta zauna gida ta huta. Tausayi ne. Mace da goyo ina ita ina ofis?"

"Oga, wa ya ce maka na gaji?" in ji Dinatu a fusace. "Yara uku na haifa ina aikin koyarwa a Iware, ba wanda ya kore ni. Mijina ba shi da lafiya, kai ma ka sani. Aikin nan ne abincinmu."

Malam Suleiman ya buɗe littafin dokar ƙwadago ya karanta a hankali, kamar mai koya wa ɗan aji ɗaya. Sati shida kafin haihuwa, shida bayanta, haƙƙinta ne. Mai kamfani ba shi da ikon sallamar mace tana cikin wannan hutu. Ga shi kuma Alhaji ya rubuta dalilin ƙiri-ƙiri, ya sa hannu, ya buga hatimi.

"Ko ka janye yau a rubuce, ko mu haɗu a gaba."

Fara'ar nan ta gudu. Alhaji ya cire hula, ya sosa ƙeya, ya mayar. Ya ce a buga takardar janyewa yanzu-yanzu. Akawu ya sunkuyar da kai, masinja ya kalli silin. Kaf ginin, in ba Dinatu ba, babu wanda ya san inda harafi ɗaya yake a kan tafireta.

Dinatu ta ja kujerarta da ƙyar, ta yaye ƙyallen da ke rufe da tafireta, ta jera farar takarda uku da kabon. Daɗi ya cika ta har wuya, ba ta kuma ɓoye ba. Ta ɗora yatsu, ta ɗaga ido ta dubi manajan.

"Oga, faɗi. Ina jin ka."