Ɗan Kwaɗon Imel da Tagar Shugaba

Sau biyu tambayoyin jarrabawa suna fita kafin ranar zama. Shugaban makaranta ne ke rubuta su a kwamfutarsa, ya tura ta imel ga mai buga takardu, wadda kowa ke kira Anti. Bai yi bincike ba ya yanke hukunci: in suka sake fita, Anti ta tattara kayanta. Shekararta sha tara a kan wannan kujera.

Malamar kwamfuta ta shiga tsakani.

"Ranka ya daɗe, mu kulle saƙon. In ka tura, ba mai iya karantawa sai Anti."

"Ban son abin hadda. Lambar wayata ma uwargida ke riƙe mini."

"Babu hadda. Ka ga ɗan kwaɗon nan a gefe? Danna shi kafin ka tura."

Cikin minti goma ta saita nasa da na Anti. Ya danna, ya gyara hula. "Wannan ne kuke tsorata mutane da shi?"

Tambayoyi suka sake fita.

Malama ta duba. Saƙon ya tafi a kulle, kwamfutar Anti kaɗai ta buɗe shi. Maganin da aka kawo don ceton Anti ya zama shaida a kanta.

"To, Anti, sai me kuma?" in ji Shugaba.

"Roƙo ɗaya, ranka ya daɗe. Rubuta takardar sallamata yanzu. Ni da Malama za mu jira a waje."

Ta ja Malama suka zagaya bayan ofis, suka tsaya ƙarƙashin tagarsa, dab da ajin ɗalibai masu shirin jarrabawar fita. Da yatsa ɗaya Shugaba ke bugawa, kuma kowace kalma sai ya faɗe ta da muryar taron safe.

"Sa... bo... da... rashin... riƙon... amana..."

A cikin aji, biro talatin suna gudu a kan takarda, suna kwashe duk abin da ya faɗa.

Suka koma ofis. Kafin ya miƙa hannu ga firinta, Anti ta karanto masa takardar da ka, har da inda ya ce "a'a, goge wannan".

"Kin sani tun yaushe?"

"Tun ranar da aka kawo maka kwamfuta. Kunyarka nake ji."

Wannan ba kunya ba ce, sakarci ne, don saura ƙiris ta raba ta da aikinta.

Shugaba ya goge takardar, ya tashi ya rufe taga da kansa.

"Malama, akwai irin kwaɗon nan na baki?"

"Akwai, ranka ya daɗe," in ji Anti tana jan kujerarta. "Amma shi kai za ka saita."