Sunan da Goni Ya Bari a Ƙetare

…kuma wai ba laifinta ba ne. Haka Labaran mai gyaran ordinatar, wato kwamfuta, ke faɗi, yana sosa ƙeya: ɓaraka ce a jikin ɗan ma'ajin kalmomin sirri da ake liƙa wa burauza, duniya duk an sha. Duniya! Ina ruwan Juwairiyya da duniya? Ita Diffa ta sani, da wannan biro, ɗan ofis mai fanka ɗaya, da rajistar mutanen da suka tsallako Komadugu da ransu kawai.

Dannawa ɗaya fa. Shafin labarai ya ce ta amince, ta danna… ashe ƙarƙashin maɓallin an shimfiɗa wani fom da ido ba ya gani. Ma'ajin kuwa, sarkin biyayya, ya zuba masa kalmar shiga rajista tsaf. Ko sallama bai jira ba.

Wa ya kawo na'urar nan biron? Ita. Ita ta tsaya gaban shugaba tana yi wa littafin Iya dariya — takarda, a wannan zamani? Iya, tsohuwar mai rajista, da ke tafiya gida da littafin nan cikin zani. Shekara shida, wa ya taɓa leƙa shi?

Kowa suna biyu gare shi a cikin rajistar: na katin abinci, da na gaskiya da ya baro a ƙetare. Goni… tsohon da ya ƙi yi wa 'yan bindiga limanci ya gudo, yanzu Abbakar ne mai shanya tattasai a Toumour. "'Yata, na gaskiyar kar ki rubuta." Ita kuma da murmushinta na masu boko: "Baba, na'ura ce, ba ta da baki."

Ba ta da baki!

Ɗazu da hantsi 'yarsa Rukaiya ta kira. Wani ya bugo musu, ya ce a gaida Goni — Goni, ba Abbakar ba — ya tambaya ko har yanzu gidan na bayan famfo.

"Madam, ki canza kalmar kawai," in ji Labaran. Ta canza. Minti biyu. Tsohon fa, me zai canza? Gwiwoyin da ko masallaci da ƙyar suke kai shi? Ta tsani yatsan nan nata.

Waya a hannu, tana ringin. Me za ta ce wa Goni, ya tashi, ya tafi… ina? Yébi? Idonta na kan allo. Shi ne fa na ɗaya a jerin. Akwai ɗari uku da shida a ƙarƙashinsa.