Ba Ni Na Saya Ba

Takardar tana manne a bangon shagon gyaran agogon, kusa da kalanda. Auta, 'yar Mai Agogo, ce ta rubuta ta da manyan baƙaƙe wata takwas da suka wuce, ranar da wani mai zaƙin baki ya kira mahaifinta ya ce daga banki yake, ya sa shi ya karanto lambobi shida da aka turo masa, ya yashe asusun kafin la'asar. Doka uku ce a jiki. Kada ka karanta wa kowa lamba. Kada ka faɗi komai game da iyalinka. In kana shakka, ka ce a'a. Da banki ya ba shi sabon kati, Auta ta kwafi lambobinsa don ta riƙa sayo masa maganin hawan jini ta intanet.

Kuɗi sun tafi, Mai Agogo ya haƙura. Tsiyar Yaya ce ta ƙi ƙarewa. Yaya wansa ne, ya girme shi da shekara huɗu, yana zaune a wani gari mai tafiyar kwana biyu a mota, kuma duk Lahadi sai ya kira.

"Ƙanena, ina mutumin naka na banki? Bai dawo ya ɗauki shagon ba?"

"Yaya, don Allah ka bar maganar nan."

"Shekara arba'in kana leƙen cikin agogo da gilashi a ido, ƙaton ɓarawo ya wuce ta gabanka ba ka gan shi ba!"

Ranar Talata da hantsi wayar Yaya ta shigo, amma muryar matarsa ce. Yaya ya faɗi a banɗaki, suna asibiti.

"Baban Auta, likita ya ce a kira 'yan'uwa. Kai yake ta tambaya."

Ya kira Auta, wadda ke aikin jinya a wani asibiti a can ƙarshen gari. Ta saurare shi har ya gama.

"Baba, ka rufe shago ka haɗa kaya. Bari in ga abin da zan iya yi. Yanzu za mu shiga tiyata, wayata za ta kasance a kashe."

Yana cikin mayar da ƙananan sukurori cikin gwangwaninsu wayar ta sake ƙara. Baƙuwar lamba. Mace ce, mai magana a natse. Ta faɗi sunan bankinsa, ta ce daga sashen tsaron kati take.

Mai Agogo ya ɗaga kai ya dubi takardar. Ya ji wani irin daɗi da bai zata ba a rana irin wannan.

"Ina jin ki, 'yata."

"Baba, ba zan tambaye ka wata lamba ba. Minti goma da suka wuce an yi babbar sayayya da katinka ta intanet, mun dakatar da ita sai mun ji daga bakinka." Ta ambaci wani kamfani mai dogon suna da bai taɓa ji ba. "Kai ka yi?"

"Ba ni na saya ba."

"Kamfani ne na harkar taf…"

"Ko na harkar me ne. Ni tun safe ina shago."

"To, Baba, ko akwai wani a gida da ke amfani da katin? Ɗa, ko 'ya?"

Doka ta biyu. Ya yi murmushi.

"Babu kowa. Ni kaɗai ne."

"Ka tabbata? In na rufe shi ba ya sake buɗuwa, sai dai a buga maka sabo."

"Ki rufe. Kuma ki gaishe da ubangidanki, ki ce masa tsohon ya yi karatu."

Ta ce ta gode, ta ajiye. Ya ja ƙofar shago ya sa kwaɗo. A hanyar gida yana ta jera yadda zai ba Yaya labarin a bakin gado, har da kwaikwayon muryar matar.

Ƙarfe huɗu da rabi Auta ta kira. Bai taɓa jin muryarta haka ba.

"Baba, kana filin jirgi?"

"Wane filin jirgi?"

"Na turo maka saƙo! Jirgin ƙarfe biyar. Kujera ɗaya ta rage, na saya maka da katinka, nawa ya daina aiki tun ƙarshen wata." Yana jin tana latsa waya. "An soke. Baba, me ka gaya wa banki?"

Saƙon yana nan cikin wayarsa, bai buɗe ba. Tun waccan rana ba ya buɗe saƙo mai shuɗin rubutu. Wannan ma ita ta koya masa.

"Abin da kika rubuta na faɗa," in ji shi.

Jirgi na gaba sai Juma'a.

Ya bi motar farko ranar Laraba. Ya samu kujerar taga, jaka a cinya, a cikinta har da gilashin ido da ƙaramin sukundireba, don Yaya ya daɗe yana ƙorafin agogonsa na jinkiri. Da azahar suka tsaya shan mai a wani ƙauye. A nan wayar matar Yaya ta same shi. Ya saurara, ya ce to, ya koma kujerarsa. Mai zama kusa da shi ya miƙo masa ruwa, ya karɓa, bai sha ba.

Ranar Alhamis da yamma ya iso. An riga an kai Yaya. Takalma jibge a ƙofa, falon cike yake da mutanen da bai sani ba. Matar Yaya ta ja shi ɗakin ciki, ta zaunar da shi a bakin gado. Agogon mamacin yana kan durowa, yana tafiya, baya da minti uku.

"Har safiyar Laraba yana magana," ta ce. "Yana ta duban ƙofa. Da na ce kana hanya sai ya yi dariya. Ya ce in ka iso bai farka ba, in tambaye ka."

"Me?"

"Wai ina mutumin naka na banki."

Wayarsa ta yi tsuwa a aljihu. Ya ciro, ya daɗe yana kallo, sannan ya buɗe. Banki ne, yana yi masa godiya da ya taimaka wajen kare asusunsa, yana sanar da shi cewa sabon kati zai fito cikin kwana biyar na aiki.

Ya kife wayar a kan gado. Ya ɗauki agogon, ya juya bayansa, ya laluba jaka ya ciro gilashin.

"Ya dawo," ya ce. "Wannan karon ban ba shi komai ba."