Kwanso Biyu a Ganyen Tumfafiya

Ni dai tun ranar da na ga Usaini ya shigo lifta rungume da wata ƙatuwar kwalba, reshen tumfafiya a ciki, raina bai kwanta ba. Na ce masa, "Injiniya, tumfafiya kuma? Duk faɗin Doha ka rasa abin kawowa gida sai abin da ke tsirowa a bayan maƙabarta?"

Ya yi dariya ya ce, "Sista Karo, baƙi na kawo miki."

Sunana Caroline, nas ce ni, 'yar Zonkwa. Ƙofata tana kallon tasu a wani bene da ke unguwar Bin Mahmud, kuma matarsa Safura ta zame mini ƙanwa. In daddawata ta ƙare, gidanta nake shiga ba sallamar kirki. In kanta ya yi ciwo, ni take bugawa ƙofa. Saboda haka abin da zan faɗa ba ji na yi ba, a gabana aka yi shi.

Usaini ɗan biyu ne. Hassan ɗinsa yana can Haɗeja, malamin makaranta. Tun suna goye uwarsu ba ta taɓa ba wa ɗaya abu ta hana ɗaya ba, don a gidansu an yarda in ka bambanta 'yan biyu sai ka ga abin da ba ka so. To, wannan ɗabi'a Usaini ya tsallako teku da ita. Takalmi ya saya a kasuwar Asian Town, biyu. Turare, biyu. Har ruwan sha in zai fita aiki gora biyu yake ɗauka. Akwai akwati guda a ɗakinsu da ake tara rabon Hassan sai an samu mai tafiya gida. Na sha yi masa tsiya. Mutum da karatunsa da komai!

Kamfanin da yake wa aiki ya samu wani fili a bakin teku, arewa da Doha, za a yi masaukin 'yan hutu. A gefen filin, tsakanin rairayi da itatuwan nan da ke tsirowa cikin ruwan gishiri, akwai wani ɗan kurmin tumfafiya. A nan malam-buɗe-littafi ke yin ƙwai, irin mai launin ruwan goro da baƙin baki da ɗigon fari, wanda duk muka taso muna kora a gida. Wata malamar jami'a, Dakta Ikhlas, 'yar Katsina, ita da ɗalibanta suna ta fafutukar a bar wurin. Ta ce irin wannan ba ya cin komai yana tsutsa sai tumfafiya, in an share ta an share shi. Usaini ne injiniyan da zai ba katafila umarnin shiga, amma sai ga shi ya zama babban mai mara mata baya, yana ta roƙon ogansa a bar ko da ɗan zirin ne.

Sau ɗaya suka ja ni wurin. Kai, ban taɓa ganin wuri shiru irin wannan ba. Ga teku, amma ba motsi. Ga malam-buɗe-littafi kamar an zazzage buhu: masu ruwan goron, da farare, da wasu 'yan mitsi-mitsi shuɗɗa da ke bin ƙasa. Duk wannan taro babu ƙara ko kaɗan. Muna tsaye mu huɗu, ni da Safura da Usaini da Dakta, amma kan Usaini kaɗai suke sauka, a goshi, a wuya, a bayan hannu. Na juya na kalli Dakta.

Dakta Ikhlas ta ce, "Gishirin gumi suke sha, Sista. Shi ne ya fi mu zufa, shi ke nan."

Na ce to. Amma ni ma ai zufar nake yi.

Ɗaliban suna kwashe tsutsotsin su rena a gida, in sun yi fiffike a saki. Kowa ya ɗauki abin da zai iya. Usaini ya yi ta dubawa har sai da ya samu ganye ɗaya mai ɗauke da biyu, don shi ba ya ɗaukar abu guda. Su ne baƙin da ke cikin kwalbar. Tsutsotsin sun riga sun naɗe kansu sun zama kwanso, korra shar, kowanne bai kai ƙwallon dabino ba, da ɗigon zinariya a jiki. Suna rataye gefe da gefe.

Ya ajiye kwalbar a kan kanta kusa da tagar falo, ya nuna da yatsa ya ce, "Na dama Hassan ne, shi ne babba. Na hagu ni ne."

Safura ta ce, "Haba Baban gida, wannan wane irin wasa ne? Ka daina."

Ni ma na ce ya daina. Ba don na yarda da komai ba, sai don a lokacin Hassan yana kwance a asibiti a Kano, ana yi masa wankin ƙoda, kuma labarin da ke zuwa ba mai daɗi ba ne. Ba a irin wannan wasa da sunan marar lafiya. Ya ce ai ya riga ya faɗa.

Daga nan gidan ya canja. Usaini ya dawo daga aiki, ko takalmi bai cire ba, sai gaban kwalba. Ya hana Safura turaren wuta, ya ce hayaƙi zai taɓa su. Bahaushiya ba turaren wuta! Na shiga gidan na ji shi salam kamar ɗakin tiyata. Ya rage sanyin esi har muna zufa a falo. In an kira daga Kano, yana magana idonsa na kan kwanson dama, kamar shi ne ke ba shi labarin.

Wata la'asar na dawo daga asibiti, Safura ta tare ni a ƙofa ta ce, "Anti, zo ki ga."

Kwanson dama ya fara baƙi. Ba gaba ɗaya ba, daga sama ne, kamar ayabar da ta kwana biyu. Usaini yana zaune a ƙasa a gabansa, hannu a ka.

Na ce, "Injiniya, tashi don Allah. Ba Dakta ta ce in sun kusa fita suna canja launi ba?"

Ya ɗauki hoto ya tura mata. Ta kira ta ce a'a, mai shirin fita fiffikensa ake hangowa ta cikin kwanson. Wannan ya mutu. Ta ce yana faruwa, wani ƙaramin ƙuda ne ke yi musu ƙwai tun suna tsutsa, kada ya damu. Ita ba ta san sunan da aka sa musu ba.

Wallahi na ji tausayinsa, kuma na ji haushinsa. Na yi masa faɗa kamar ƙanena. Na ce rai a hannun Allah yake, ba a cikin kwalbar da aka ci zaitun aka wanke ba. Ya daina cin abinci, ya soma neman tikiti, kuma duk lokacin da waya ta yi ƙara sai ya miƙa wa Safura.

Sai ga abin mamaki. Kiran da ya zo daga Kano ba na rasuwa ba ne. Hassan ne da kansa. Ya tashi zaune, ya nemi tuwo, ya ci ya ƙara. Likitoci sun ce jikin ya juyo. Safura ta sa wayar a lasifika na ji shi, kuma na rantse in ka rufe ido ba za ka ce ba Usaini ne ke magana ba. Muryarsu ɗaya har dariyar.

Usaini ya yi sujada a tsakar falo. Da ya ɗago ya ce, "Sista Karo, kin yi gaskiya. Shirme ne."

Na ce, "Khalas, magana ta ƙare, a kunna mana turare."

Muka yi ta dariya. Safura ce kawai ba ta yi ba, na ɗauka gajiya ce.

Na hagun ya fashe ranar wata Alhamis. Muka tsaya muna kallo ya fito a yamutse, ya rataye yana buɗe fiffike yana rufewa har ya bushe. Ɗan'uwansa yana nan gefensa, baƙi ƙirin, ya motse. A ranar ne kuma oga ya ba Usaini amsa ta ƙarshe: ba zirin da za a bari, ranar Lahadi katafila za ta shiga.

Washegari Juma'a, ba aiki. Ya fita da sassafe da kwalbar da shebur da gorunan ruwansa biyu. Ya ce zai saki malam-buɗe-littafin a inda aka ɗauko shi, ya kuma cire 'yan ƙananan tumfafiya ya dasa su can bayan shingen kamfani, inda katafila ba za ta kai ba. Ƙarshen Afrilu ne, rana ta fara nuna halinta. Ya ce kafin sallar Juma'a ya dawo.

Aka kira sallah bai dawo ba. Aka sauko bai dawo ba. Sai ga Safura a ƙofata, mayafi a karkace, leɓenta ya bushe.

Ta ce, "Anti, ni na juya kwalbar."

Na ce, "Wace kwalba kuma?"

Ta ce, "Tun washegarin da ya kawo ta. Ina goge kanta na ga rana tana dukan gefe ɗaya, sai na juya ta, gaba ya koma baya. Ban kawo komai a raina ba. Sai da Yaya Hassan ya kira na tuna." Ta riƙe hannuna da ƙarfi. "Anti, wanda ya koma dama, wanda ya yi baƙin nan, ba na Hassan ba ne."

Na buɗe baki zan yi mata faɗan da na yi wa mijinta, faɗan ya ƙi fitowa. Na ce, "Yalla, maza ɗauko takalminki." Tana ta kiransa a hanya, wayar tana shiga ba a ɗauka. Na tuƙa motar nan kamar ba ni ce nake yi wa mutane wa'azin gudu ba.

Motarsa tana bakin shingen. Ba kowa a filin, katafilun suna jere suna jiran Lahadi. Zafi ya dake mu kamar an buɗe tanda. Muka bi sawunsa. Ga 'yan tumfafiyar da ya dasa a layi, bibbiyu, gindin kowacce da alamar an ba ta ruwa. Ga gorunan nan biyu a yashe, ba ko ɗigo. Ga kwalbar a buɗe.

Yana zaune a tsohon kurmin, ya jingina da tumfafiya mafi girma, ƙafafu a miƙe kamar mai hutawa. Malam-buɗe-littafi sun cika wurin fiye da ranar farko, a kan kowane ganye, a kan shebur, a kan takalminsa da ya cire. Muna isa suka taso suka sauka a kanmu, a fuskata, a wuyan Safura, a hannuwanmu. Ko ɗaya bai sauka a kansa ba.

Ni nas ce. Tun kafin in taɓa goshinsa na san zan ji shi a bushe. Na kwantar da shi, na yi duk abin da aka koya mini, na yi har hannuna ya mutu, Safura tana kiran motar asibiti tana salati. Usaini ya riga ya tafi. Ban taɓa jin tsoro da baƙin ciki sun haɗu mini wuri ɗaya kamar a lokacin ba.

Muna durƙushe a wurin wayarsa ta yi ƙara a aljihu. Safura ta kasa ɗauka. Ni na ciro, na ga sunan, na ɗauka.

Muryar Usaini ce ta fito, lafiyayya, har da 'yar dariya.

"Salamu alaikum. Wa ke nan? Sista Karo ce? Hassan ne. Don Allah in yana kusa ki ce masa ya sha ruwa. Tun hantsi nake shan ruwa a nan, ƙishirwar ta ƙi tafiya."